Kayen Baba da Baƙin Ruwa

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, gidanmu na Gaya ya cika har zaure ya kasa ɗaukar mutane, sai da aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi ta ƙofar gida. Ni ina ciki tare da mata, amma kunnena yana waje. Haka Allah ya yi ni. Ba na yawo, in ka ɗauke kasuwa da garka ban san hanyar ko'ina ba, amma maganar da aka yi kusa da ni ba ta wuce ni.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso daga Bengu a bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar hatsi, tun daga ƙofa take salati. Ta zube gaban Inna ta riƙe hannunta.

"Ki gode wa Allah, matar yaya. Wasu tsofaffin sai sun koma yara kafin su tafi. Shi kuwa da hankalinsa ya tafi, garau."

Daga waje na jiyo muryar maƙwabcinmu na garka, wani tsohon masunci cikin Dandawan bakin kogi. Ya yi gaisuwar mutuwa da yarensu, "Fonda tilas," sannan ya koma Hausarsa ta kasuwa.

"Ni cikin ruwa aka haife ni. Amma in ina so in san inda ruwa zai kai bana, mai garka nake tambaya. Yanzu wa zan tambaya?"

Wani ya ce masa, "Ai kayen yana nan." Aka yi ta amsawa, haka ne, kayen yana nan. Wata mai sarin albasa daga Tunuga ta share hawaye ta ce tun da take zuwa ba ta taɓa ganin ya manta fuskar mutum ba.

Duk wanda ya faɗi irin wannan, sai in saci kallon Inna. Kanta a ƙasa, tana jan carbi. Mu biyu kaɗai muka san Baba ya daɗe da fara tafiya kafin ranar nan. Hankalinsa ya riga jikinsa. Mun rufe, mun kuwa rufe da kyau, ga shi har ana yabonsa da abin da ya rasa. Rufin nan ya kusa cinye irin albasar da ya ƙare rayuwarsa yana tsaro. Ya kuma bar ni da wata magana a baki, wadda in na faɗa wa Yaya, babban wanmu, zan ƙwace masa abu ɗaya tak da ya rage masa na ubansa. Ni ce auta. Ina so a tuna da Baba, shi duka, ba rabinsa ba.

Bari in fara da kayen, tunda da shi aka san shi. Mu nan littafin rubutu irin na ƴan lakkwal, wato ƴan makarantar boko, shi muke ce wa kaye, amma na Baba ba a kanti aka saye shi ba. Lokacin da ake ginin gadar da ta haɗa mu da Dahome, leburori suna zubar da takardun buhun siminti. Baba ya riƙa tsinto su, ya kakkaɓe, ya yanka daidai da aska, ya danne su ƙarƙashin dutsen niƙan Inna har suka miƙe. Inna ta yi ta mita, ta ce tuwonta ya koma ginin gwamnati. Ya je wajen baduku ya ce zare da basilla kawai yake so, ɗinkin shi zai yi da kansa. Bangon kuma fatar ɗan akuya ce, gashin ma bai gama fita ba.

Baba bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba, don haka babu rubutu ko ɗaya a ciki. Kowace shekara da shafinta. Sai ya zana garkar kamar yadda take, tudu a sama, gangare a ƙasa, kogi a gindin takarda. Inda ya dasa albasa ya manna ɓawon albasa da ƙaro. Inda tumatir yake, busasshen ganyensa. Inda tsutsa ta yi ɓarna ya shafa toka. A gefen shafi kuma, duk wanda ya yi aiki a garka shekarar nan, Baba zai kama babban yatsansa ya tsoma a laka ya danna. Nawa yana nan, na Inna yana nan, har na wani Bafillace da ya taɓa taya mu gyaran shinge.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce zuciyar kayen. Kogin namu sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na damina, mai laka, ya zo ya janye da kaka. Sai ka ga gangare ya tsane, ƙasa baƙa mai taushi tana kiranka. Can cikin sanyi, babu hadari babu komai, sai baƙin ruwa ya taho daga nesa, shiru, yana hawa. Wata shekara ya tsaya ƙasa, amma yawanci ya shanye gangaren. Baba yana ja wa jan ruwa layi da jar ƙasa, baƙin ruwa kuma da baƙin gindin tukunya. Kuma ba ya jan layi sai ruwan ya gama hawa ya gani da idonsa.

In aka ce masa, "Malam, wannan wahalar fa?" sai ya ce, "In ban kama bara na ɗaure ba, bana sai ta yi mini ƙarya."

Da asuba yake fita, kayen a cikin jakar fata a hammata. Yana shiga garka sai ya yi sallama, kamar ya shiga gidan mutane. Wallahi na sha jin sa yana tambayar tumatir yadda ya kwana. Kuɓewa kuwa surukarsa yake ce mata, wai in ya kwana biyu bai leƙa ta ba sai ta yi tauri ta ƙi shi. Shi da tsohon masuncin nan kullum sai sun taɓa.

"Kai mai ƙarni, matsa daga iska, kada latas ɗina ya ɗauka."

"Kai da kake noma abin da ke sa mata kuka? Ni abin da nake kawowa dariya ake yi."

"Kawo kifin mu gani, in ba ƙaya ce zalla ba."

Daga nan sai a yi musaya, kifi ya shigo, albasa ta fita.

Wata shekara mai wuya, muna cikin ban ruwa sai muka ga wata mata da goyo, daga ƙetare ta fito, ta zura hannu ta cikin shinge tana tsinkar yakuwa. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya taka mini ƙafa. Ya juya mata baya, ya kama tari na ƙarya, ya yi ta yi har ta gama ta wuce. Washegari ya ja kunya guda a bayan shinge, bakin hanya, ya shuka yakuwa da kuɓewa. Tun daga nan kowace shekara sai ya yi ta. Na taɓa ce masa, "Baba, kunyar bakin hanya ba ta cikin kaye." Ya ce, "Ba tawa ba ce."

Amma abin da ya fi so a duniya, in ka ɗauke sallarsa, albasar nan ce da muke kira ƴar Kaka, don daga hannun mahaifiyarsa ya gaje ta. Ƙarama ce, ja, mai yaji, tana kaiwa har damina ba ta ruɓe ba. Irin yana cikin wata gora a rataye a ɗakinsa. Dokarsa ita ce rabi a shuka, rabi a bari. Duk wanda ya zo neman dashe ya ba shi, shi ya sa babu wanda ya damu ya ajiye irin, kowa ya san zai samu wajen Baba.

Sunan da ya yi a gari kan ruwa, wata shekara ce ta ba shi, ba da daɗewa ba bayan tafiyar Nasara. Ya yi ta zama bakin kogi yana tambayar masu jiragen da suka gangaro daga sama, ya duba tsofaffin shafukansa, sannan ya kwashe dashen albasa ya kai gangare. Aka yi masa dariya. Masuncin ya ce zai zo ya jefa taru a cikin albasar. Baƙin ruwa ya zo, ya tsaya ƙasa, bai taɓa ko ganye ba. Albasar da aka cire shekarar nan har yau ana labarinta. Tun daga nan, in Baba ya yi magana kan ruwa, an gama.

Kada in yi masa kwalliya da yawa. Baba yana da riƙo, kuma Yaya ne ya sha shi.

Yaya shi ne ɗan fari, don haka akwai kunya tsakaninsu. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, Inna ma haka. "Kai," ko "wancan," shi ke nan. Tun yana ƙarami yake jan jigo yana ba fangali ruwa, amma zuciyarsa tana kasuwa. Ya roƙa a bar shi ya bi fatake zuwa Yamai, Baba ya ce bayan dashe. Da aka gama, ya ce bayan cira. Da aka cire, ya ce damina ta zo. Wata safiya, ranar dashe, an riga an tumɓuke ƴar Kaka an jera a kwando, aka aiki Yaya ya karɓo fartanya wajen maƙeri. Ya ga kamiyon Yamai tsaye a duwan, wurin ƴan kwastan. Ya hau. Mu uku muka yi dashen nan cikin rana, rabi ya yanƙwane a kwando kafin mu kai gare shi.

Da ya dawo ganin gida, ya dawo da riga mai aiki da tsaraba. Cikin tsarabar akwai kaye na kanti mai shuɗin bango, da bik na rubutu. Na tabbata da alheri ya kawo. Amma a zaure, gaban baƙi, ya miƙa yana dariya ya ce, "Baba, ga na gaske. A huta da tsumman siminti."

Baba ya ciro nasa kayen daga jaka, ya ciro aska, ya buɗe shafi na farko. Ya kankare yatsan Yaya. Ya juya shafi, ya kankare. Ina bayan zana ina jin ƙarar askar a kan takarda. Da ya gama ya busa ƙurar, ya ɗaga murya ya ce, "Wanga baƙo ya sha hanya, a kawo masa ruwa."

Yaya bai kwana ba. Shekaru suka wuce yana aiko da sukari da atamfa, Baba ba ya taɓawa. Kawu, wan Inna, ya zo ya yi magana har ya gaji. Baba ya saurare shi da ladabi, ya raka shi bakin hanya, ya dawo ya ɗauki fartanya.

Na dawo gida bayan rasuwar mijina, ni ce mai raka shi garka, don haka a idona abin ya fara. Da farko ƙananan abubuwa. Ya manna ganyen tumatir inda kabewa take. Ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba. Wata rana ya tsaya yana kallon gada ya tambaye ni yaushe aka gama ta. Sai shekarar da ta gabaci rasuwarsa, na je ɗebo ruwa na dawo na tarar ya yanke kawunan albasar iri kakaf, furen bai ko bushe ba. Ya tara su a gabansa yana murmushi. Shekarar nan ba mu samu iri ba. Abin da ke cikin gora shi kaɗai ya rage.

Na gaya wa Inna a kai shi wajen lokotoro. Ta ce, "A yi masa allurar me? Mutumin da gari yake tambaya, ba zan bari yara su bi shi a hanya suna dariya ba." Sai ta shirya abinta. In baƙo ya yi sallama, tana bayan labule tana raɗa masa sunan mai zuwa. Ta baza cewa kunnensa ya yi nauyi. Da ma shi ba mai yawan magana da baƙi ba ne, da shirun ya ƙaru sai mutane suka ce tsohon ya ƙara zurfi.

Ƙarshen daminar shekarar da ya rasu, Kawu ya aika wa Yaya cewa jikin tsohon ya yi sanyi, ya zo. Ya zo. Ya same mu a rumfar garka da la'asar, Baba yana zaune da kayen a cinya. Yaya ya cire takalmi tun daga shinge, ya durƙusa nesa, kamar mai jiran hukunci. Baba ya ɗaga kai ya dube shi. Fuskarsa ta washe. Ya kira shi da sunansa, sunan yanka, da ƙarfi.

"Ka gama ban ruwan? Zo nan, ban sa yatsanka ba."

Ya kama hannunsa, ya tsoma yatsan a laka, ya danna a gefen sabon shafi. Yaya, ƙato da gemu, ya kifa kai a gwiwar Baba yana kuka kamar ɗan yaye. Baba yana shafa kansa yana cewa, "Me aka yi maka? Wa ya taɓa ka?"

Da na koma gida na ba Inna labari, ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Sunan ya kira? Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

Ta zauna a kan turmi ta ce, "To ya tafi ke nan."

Yaya ya koma Yamai da sauƙin zuciya. Bayan tafiyarsa na ga Baba ya buɗe tsohon shafin shekarar gangare, ya sa a gaba yana kwaikwayo a kan sabon. Ya manna ɓawon albasa a gangare. Ya ja baƙin layi can ƙasa, alhali jan ruwa ma bai gama janyewa ba. A ganinsa cikin waccan shekarar muke. Ranar shuka kuma, kafin in farga, ya juye gorar duka a fangalin reno, bai bar ko ƙwaya ba. Irin ya tsiro kyakkyawa. Bai ga girmansa ba. Zazzaɓi ya kama shi da kaka, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai, Yaya ya tara maza a zaure ya ce ba zai koma Yamai ba sai ya dasa ƴar Kaka da hannunsa, yadda Baba ya zana. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya nuna musu yatsansa. Ina bayan zana. Na ji masuncin ya ja numfashi.

"Gangare? Hm. Masu jirgi sun ce ruwa da yawa a sama bana." Ya dubi shafin. "Amma in shi ya sa, ya ga abin da ban gani ba."

Kowa ya ce haka ne.

Na shiga ɗakin da Inna take takaba, na rufe ƙofa.

"Inna, kin ji?"

"Na ji. Ki yi shiru."

"Ƴar Kaka ce fa. Babu ko ƙwaya a gora. In ruwa ya hau, ta ƙare a duniya."

"Albasa ce."

"Da Baba yana cikin hankalinsa, zai ce albasa ce?"

Ta dube ni da jajayen idanu. "Wancan ya yi shekaru da dutse a ƙirji. Uban ya sauke masa. Ke ce za ki ɗauka ki mayar? In kin ce shafin ba daidai ba ne, me zai tambaye ki bayan nan? Kin yi tunani?"

Na yi tunani. Abin da ya hana ni cin abinci ke nan. Na gwada ta gefe. Na kai wa Yaya fura, na ce ko a raba dashen, rabi gangare rabi tudu, don hankali ya kwanta. Ya ajiye ludayin.

"Auta, sau ɗaya na saɓa masa ranar dashe. Kin ga abin da ya biyo baya. Ba zan ƙara ba."

Na ɗauki ƙwaryar na fita. Dashen yana ta girma a fangali, ya kai tsawon da ba ya jira. Kullum in na je ba shi ruwa sai in tsaya ina kallon kogi. Ya kwanta lamo, kamar bai san komai ba.

Ranar dashe muka fita da sassafe. Na tumɓuke, na jera a kwando, na yayyafa ruwa. Yaya yana gangare ya naɗe wando, yana gyara fangali, hannun ɗan kasuwa duk ya yi kanta. Ya hau ya ɗauki kwandon farko. Na riƙe ɗaya gefen.

"Yaya, kada ka kai shi can."

"Mun gama wannan maganar."

"Ajiye. Ɗauko kayen ka duba."

Ban san me ya ji a muryata ba, ya ajiye. Ya buɗe shafin.

"Baƙin layin nan, yaushe Baba yake jan sa?"

"In ruwa ya gama hawa."

"Bana ya hau?"

Ya dubi kogi, ya dubi takarda. Na juya masa shafuka zuwa na tsohuwar shekarar, na riƙe su biyun. Iri ɗaya ne, har inda aka shafa toka, alhali bana ba a dasa komai ba balle tsutsa ta ci. Daga nan bakina ya buɗe. Na gaya masa maganar gada, da yayar Baba, da kawunan iri da aka yanke ɗanye, da Inna a bayan labule. Ya zauna a kan kunya, kayen a hannunsa.

"Tun yaushe?"

Wallahi na shirya in ce bayan tafiyarka. Maganar ta zo har kan harshena. Amma ya riga ya ji na ce bara.

"Tun kafin ka zo. Da daɗewa."

"Ranar da ya kira sunana fa?"

"Ya gane ka, Yaya. Na rantse ya gane ka, ya yi murna."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

Na sunkuyar da kai. "A ganinsa ba ka taɓa tafiya ba. Ya ɗauka daga jigo ka fito."

Ya daɗe yana kallon yatsan laka a gefen shafi. Bai yi kuka ba, da ma ya yi.

"Wato bai yafe ba. Mantawa ya yi."

"Ban sani ba, Yaya."

"Shi ya huta. Faɗan ni kaɗai ya bar wa."

Ya rufe kayen, ya sa a jaka, ya rataye a rumfa. Ya ɗauki kwando ya nufi tudu. Na bi shi da na biyu. Muka kama dashe, shi yana huda, ni ina sawa.

Da hantsi masuncin ya fito daga jirgi ya leƙo ta shinge.

"Kai ɗan Yamai! Ba gangare tsohon ya ce ba?"

Na jira in ji Yaya ya faɗa. Bai ko ɗaga kai ba.

"Shi gangare ya ce. Ni ne na ga dama na canza."

Tsohon ya tsaya yana kallonsa, ya girgiza kai. "Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Kai dai ba ka da gyara." Ya tofar da yawu ya wuce.

Kafin azahar maganar ta kai kasuwa. Kafin Juma'a ta kai Bengu, Gwaggo ta aiko cewa kada ya kuskura ya taka ƙofarta. Yaya ya gama dashe, ya ba da ruwan farko, ya durƙusa bakin ƙofar Inna ya yi sallama, ya hau kamiyo. Ni bai ce mini komai ba.

Baƙin ruwa ya zo cikin sanyi, ya shanye gangare har gindin shinge. Na zaci za a sassauta masa. Ina! Sai aka ce ai da ma wani lokaci Allah yana ba marar kunya sa'a. Wasu ma suka ce da an bi maganar tsohon, da ruwan bai hau ba. Babu wanda ya taɓa Baba. Ƴar Kaka ta yi kyau a tudu, na ware manyan kawuna na iri na rataye. Yaya yana aiko da sukari da atamfa, babu saƙo a ciki.

Ranar da Inna ta fita takaba, ba gidan ƴan'uwa ta fara zuwa ba, garka ta ce in kai ta. A hanya muka wuce wasu mata a bakin rijiya, ɗaya ta gaishe ta, ta ƙara da cewa, "Allah ya shirya miki babban nan naki." Inna ta amsa da amin. Da muka zauna a rumfa, ta dube ni.

"Ba kin yi karatun manya ba? Kin iya rubutu?"

"Kaɗan-kaɗan."

"To rubuta. Duka. Uban ya tafi inda dariyar yara ba ta kaiwa. Wancan kuwa yana da rai."

Shi ne na rubuta. Mutanen Gaya, da na Bengu, da na bakin kogi, ku sani ɗan bai saɓa ba. Ya rufa wa ubansa asiri da nasa mutuncin, a ranar da aka gaya masa abin da ya fi komai ciwo. Baba kuma bai yi muku ƙarya ba, tsufa ne ya shiga tsakaninsa da shekarunsa, mu kuma muka ja labule.

Yaya, in wannan ya iso gare ka a Yamai, har yanzu ban san amsar tambayarka ba, ba kuma zan ƙirƙira maka ita ba. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa. Ya manta gada, ya manta sunana, ya manta shekarar da muke ciki, ya manta faɗan. Da ka durƙusa bakin shinge, kai bai manta ka ba. Ko wannan ya isa, ban sani ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabari, ya sa aljanna ce garkarsa ta ƙarshe. Ya mayar masa da hankalinsa cikakke a can, don ranar da kuka haɗu ka tambaye shi da bakinka.